Tafiya Jos don ganin gidan da ke riƙe ɗuminsa

Da hantsi motarmu ta bar Abuja, a tsakiyar watan Janairu, hazo ya lulluɓe duwatsu. Cunkoson Nyanya da Mararaba ya ci mana lokaci, sai bayan Keffi hanya ta buɗe. Abin da na yi ta kallo ta taga shi ne sababbin gidaje: bulon siminti, baƙin kwano mai tsini, manyan tagogin gilashi suna fuskantar rana, na'urar sanyaya ɗaki maƙale a bango, janareta a gindinta. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, kuma a Afrilun 2024 aka kai kuɗin wutar 'yan rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta, naira 225 kowane yunit, irin wannan gini ya zama bashin da maigida ke biya duk wata.

A Hawan Kibo iska ta sauya. Direba ya rage giya, tireloli na nishi a gabanmu, kowa ya fara laluben rigar sanyi. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kafin mu wuce Riyom da Bukuru har hannuna ya fara sandarewa.

Kawuna ne ya kira ni in zo in ga gyaran da yake yi wa tsohon gidansa a Unguwar Rogo. Ɗansa mai karatun zanen gine-gine ne ya shawo kansa, da labarin wani salon gini na Jamus da ake kira Passivhaus. An kammala gida na farko mai wannan salo a garin Darmstadt a 1991, bisa binciken masanin kimiyya Wolfgang Feist. Dabarar ita ce gidan ya riƙe ɗuminsa da kansa: a lulluɓe bango da rufi da ƙasa da abin da ke tare zafi da sanyi, a sa tagogi masu gilashi ninki uku, a toshe duk wata kafa. Ƙa'idarsu ba ta da sassauci, kada ɗumama gida ya wuce yunit 15 a kowace murabba'in mita a shekara guda. Tsofaffin gidaje ma an yi musu tasu ƙa'idar gyara mai suna EnerPHit, wadda ta yarda a yi aikin kashi-kashi.

Kawu bai kai can ba, bai ma ce zai kai ba. Daga sama ya fara. Na hau tsani na leƙa tsakanin silin da kwano, na tarar da kafinta a durƙushe, ya ɗaure hanci da ƙyalle, yana shimfiɗa audugar gilashi gefe da gefe, duk inda ya rage rata sai ya yanko ƙaramin yanki ya cusa. Ya ce min, "Yallaɓai, ko tafin hannu ka bari a buɗe, ta nan sanyi zai sauko."

Da magariba ɗan Kawu ya kunna turaren tsinke ya bi jikin tagogin falo da shi. A tsakiyar ɗaki hayaƙin ya miƙe sak, amma da ya matso kusa da firam sai ya kwanta, ya yo cikin ɗaki da gudu. Haka a ƙarƙashin ƙofa, haka inda bututun waya ya huda bango. A Jamus babbar fanka suke ɗaurawa a bakin ƙofa su auna yoyon iska da lamba. Mu alli muka sa muna yi wa kowace kafa alama.

A nan ne na yi magana. Na ce, "Kawu, in aka toshe ko'ina, ina batun kaskon garwashi?" Kowa ya san a hunturu mutane na shigar da wuta ɗaki, kuma iskar gawayi mai kisa ba ta da wari. Gidan Passivhaus na gaske yana da na'urar da ke shigo da sabuwar iska dare da rana, tana ɗumama ta da zafin wadda ke fita. Wannan na'ura na buƙatar wuta marar yankewa, ko da kaɗan ce, a wurinmu kuwa sai da sola da batir. Duk wanda ya kwaikwayi toshewar ya bar shigar iska ya jefa iyalinsa cikin haɗari. Kawu ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗan nan, ka yi gaskiya. Kasko ya bar ɗakin kwana, kuma a bar mafitar iska a kicin da bayi."

Washegari muka je gidan tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952, muka zarce sashen gine-ginen gargajiya da maginin nan ɗan Poland, Zbigniew Dmochowski, ya tsara. Akwai kwafin ganuwar Kano da na masallacin Juma'a na Zariya, wanda magini Babban Gwani ya gina na asalin. Rana ta take a waje, amma ƙarƙashin lanƙwasasshen rufin nan na ƙasa da azara da ake kira bakan gizo sanyi ne mai daɗi. Kaurin tubali yana shanye zafin yini a hankali, ya sake shi cikin dare, ƙananan tagogi kuma suna can sama. Maginanmu sun san wannan tun kafin siminti ya zo.

Najeriya ta fitar da dokar tattalin makamashi a gine-gine tun 2017, kuma tare zafin rufi da yi wa tagogi inuwa na cikinta. Ina ganin mu mazauna Abuja mun fi Jos buƙatarta, domin abin da ya hana sanyi saukowa ɗakin Kawu shi zai hana zafin kwano sauka a namu a watan Maris. Kafin in tafi tasha na karɓi lambar kafintan, muka yi magana zai zo ya auna rufin gidana a Kubwa kafin bazara ta shigo.