Godiya ga duk wanda ya kama mana gasar nan ta Agege

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun daren Lahadi nake son rubuta wannan, gajiya ta hana ni, sai yau da na rufe shago da wuri. Gasar wasan kwamfuta da muka yi wata biyu muna shiryawa a nan Agege ta zo ta wuce lafiya. Ba a yi faɗa ba, ba wanda ya tafi da ɓacin rai, kuma kwamfutoci shida da aka ba mu aro duk sun koma hannun masu su yadda suka zo. Alhamdu lillahi.

Saboda iyayenmu da za su karanta, wasan sunansa Age of Empires II. Ya fito a 1999, aka sabunta shi a 2019. Mutum yana farawa da talakawa uku da ɗan leƙen asiri guda a kan doki, ya tara abinci da itace da zinariya da dutse, ya bi zamani huɗu yana gina gari da runduna. Jama'arka ba za ta wuce 200 ba, manomi da mayaƙi duk a ƙidaya ɗaya suke. In ka cika manoma za a zo a tashe ka, in ka cika mayaƙa ba mai ciyar da su. Mu uku-uku muka buga, ƙungiya takwas: daga Agege, Idi-Araba, Mile 12 da Obalende.

Godiyata ta farko ga Alhaji maigidana, wanda ya kwashe buhuna daga sitonsa ya bar mana wurin kwana biyu. Da na je masa da maganar, tambaya ɗaya ya yi mini: “Babu caca a ciki?” Na ce babu, ranka ya daɗe. Ya ce to in an kira salla a tashi. Haka kuwa aka yi. Allah Ya ƙara buɗi, Ya jiƙan magabata.

Sai ɗan uwanmu mai gyaran kwamfuta a kasuwar Ikeja, wanda ya bar shagonsa ranar Asabar, ranar ciniki, ya zo da igiyoyinsa a jakar baya ya durƙusa a ƙarƙashin tebura yana haɗa su ɗaya bayan ɗaya. Ko kuɗin mota bai karɓa ba. Hajiya ta aiko da shinkafa da wake da mai da yaji a manyan kuloli biyu, mai shayin bakin layi ya yi ta aiko da shayi da burodin Agege har sha ɗayan dare. Maƙwabciyarmu Bayarabiya, wadda ɗakinta ke jikin inda muka ajiye janareto, ta haƙura da ƙararsa kwana biyu, har ta leƙo tana tambaya wa ke kan gaba. Mama, mun gode.

Yanzu bari in zo kan wasan ƙarshe, don a nan ne bashin godiyata ya fi nauyi.

Da 'yan Idi-Araba muka haɗu, wanda ya fara cin biyu cikin uku shi ke da kofi. A wasan kowa yana zaɓar al'ummar da zai riƙe. Ni garina ne a tsakiya, ina riƙe da Mali, wadda aka ƙara cikin wasan a 2015 tare da Habasha. Ƙanena yana gefe guda da Birtaniya masu dogon baka, abokinmu yana ɗaya gefen da Habasha. Tsarin da kowa ya sani shi ne na gefe su fitar da 'yan baka, na tsakiya ya fitar da barade ya riƙa kai musu ɗauki. Ni kuwa duk wanda ya san ni ya san ina son doki. Barde ɗaya abinci 60 ne da zinariya 75, kuma in ashirin suka faɗa cikin gonakin abokin gaba abin yana da daɗin kallo. To na tsakiyarsu Faransawa ya ɗauka, waɗanda dawakinsu suka fi na kowa jure sara. Na haɗa doki da doki, nawa suka ƙare, nasa suka rage, suka wuce kai tsaye garin ƙanena suka karkashe masu saran itace. Kafin minti talatin an gama da mu.

Muna tashi daga wannan aka ɗauke wuta, ga ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, ga mai ya ƙare a janareto. Wani yaro ɗan shekara goma sha huɗu, wanda bai ma samu shiga gasar ba, shi ya ɗauki jarka ya rufa leda a ka ya fita. Ya dawo sharkaf, ruwa na ɗiga daga haɓarsa, yana tambaya ko an fara ba shi. Yaro, ban manta ba, kuma gasa mai zuwa da kai za a yi in Allah Ya yarda.

A cikin duhun nan ne ƙanena ya matso kusa da ni, ya yi ƙasa da murya don kada abokan karawa su ji. Ya ce, “Yaya, don Allah ka bar kara doki da dokinsu. Ka fitar da raƙuma. Ni zan jera 'yan mashi a gaban 'yan bakana, su zo su same mu.” Shekara tara na ba shi, ni na koya masa riƙe linzamin kwamfuta, amma gaskiya ya faɗa. Ɗan mashi abinci 35 ne da itace 25, ba ya cin zinariya ko ƙwaya, kuma aikinsa ke nan a duniya, kayar da doki. Mahayin raƙumi ma abinci 55 ne da zinariya 60, ya fi barde araha, kuma doki ba ya ƙaunar haɗuwa da shi. Na san duk wannan tun da daɗewa. Son barade ne ya rufe mini ido.

Baba maigadi, mutumin ƙasar Sakkwato, yana zaune a kan benci yana jin mu. Sai ya ce ai wannan ba sabon abu ba ne, a Tabkin Kwatto a 1804 Sarkin Gobir Yunfa ne ke da dawaki da 'yan lifidi, jama'ar Shehu kuwa a ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo yawancinsu a ƙasa suke da kwari da baka, kuma su suka yi rinjaye. Sito ya yi tsit ana sauraronsa, har da yaran da ba su taɓa zama jin tarihi ba. Baba, Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Wasa na biyu haka muka bi. Baradensu suka zo da gudu suka tarar da mashi a gaba, kibiya na sauka daga baya, raƙumana suka zagayo suka tare musu hanyar komawa. Muka rama.

Na uku shi ne wanda ba zan manta ba, don ya haura awa guda. 'Yan Idi-Araba ba yara ba ne. Da suka ga mun dogara da baka, sai suka cika fili da 'yan jifa, waɗanda kibiya ba ta cika yi musu illa ba, su ma abinci 25 ne da itace 35. Suka turo majaujawa biyu a bayansu. Jifa ɗaya ta sauka a tsakiyar 'yan bakan ƙanena da suka cunkushe a mashigi, kusan rabinsu suka zube. Na ji ya ja numfashi, bai ce komai ba, ya warwatsa sauran. A nan dokin da na ajiye ya samu ranarsa: na fitar da ƙananan mahaya masu sauri, na sayi Farimba, dabarar Mali da ke ƙara wa mahaya ƙarfin sara da 5, na bi ta bayan daji na faɗa wa majaujawar da 'yan jifan. Su kuma suka dawo da mashi. Mu kuma muka ƙara baka. Haka aka yi ta juyawa, kowa yana leƙen abin da ɗan uwansa ke fitarwa yana sauya nasa.

Abin da ya raba gardama bai ma je fagen fama ba. Zinariyar ƙasa ta ƙare wa kowa. Ashe abokinmu mai Habasha, wanda duk wasan ba a ji bakinsa ba, tun da wuri ya kafa kasuwa a can ƙuryar taswira, ya sa ni na kafa tawa a ɗaya ƙuryar, amalanken fatake suna ta kai da komo suna shigo da zinariya. Da ita muka yi manyan majaujawa huɗu, kowace itace 200 da zinariya 200, muka rushe fadar dutsen da suka kashe dutse 650 a kanta. Da ta faɗi suka miƙa wuya. Malam, kai ka ci mana wasan nan, kuma ina so kowa ya sani.

'Yan Idi-Araba, kun taso kun rungume mu tun kafin mu miƙe daga kujera, kuka zauna muka sake kallon wasan tare kuna nuna mana inda muka bar gefenmu a buɗe. Na gode da wannan ƙwarai. 'Yan Mile 12 da suka zo kai tsaye daga sauke kayan gwari, ko barci ba su yi ba, da 'yan Obalende da suka sha cunkoson gada zuwa da komawa, Allah Ya bar zumunci. Wanda na manta ban ambata ba ya yafe mini, ba raini ba ne.

An bar cajar kwamfuta baƙa guda ɗaya da hula zanna a sito, suna wurin Baba maigadi, mai su ya je ya karɓa. 'Yan Idi-Araba sun ce zama na gaba a wurinsu za a yi bayan Salla, kuma mun amsa. Allah Ya kai mu da rai da lafiya.