Zuwa Carlisle Neman Kafireton Baba

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba ɗan 'yar'uwata ya ƙwanƙwasa min ƙofa, filas ɗin shayi a hammata, idonsa duk barci. Muka yi salla a falo, muka fita. Titunan Bronx ba kowa sai masu kwashe shara. Tafiyar kusan mil 200 ce a gabanmu, zuwa garin Carlisle a jihar Pennsylvania, kuma abin da za mu nemo bai fi kwanon tuwo girma ba.

Mafarin zancen wani dattijo ne maƙwabcin garejinmu, baƙar fatan Amurka, tsohon direban bas da ya yi ritaya. Baba muke ce masa, shi ma har ya saba. Yana da Chevrolet Chevelle SS 396 ƙirar 1969, irin motocin nan da Amurkawa ke yi wa kirari da masu ƙwanji: jiki madaidaici, inji kuwa na gingimari, silinda takwas, ƙarfin doki 325. A wurin wani ya saye ta shekaru da dama da suka wuce, kuma tun da ya saye ta ba ta taɓa ba shi kwanciyar hankali ba. In ya taka totur daga danja sai ta shaƙe kamar wanda tuwo ya tsaya wa a wuya, sannan ta fizga. Salansa na fitar da baƙin hayaƙi, filogi duk sun yi baƙi ƙirin, man inji yana warin fetur. Da na ɗaga bonet na cire gidan iska, nan take na ga inda gizo ke saƙar. Mai motar na farko ya jefar da kafireton da ta zo da shi, wato na'urar da ke haɗa wa inji iska da fetur, ya ɗora wani ƙato na tseren mota a kan wani faifan ƙarfe na haɗa baki, don bakinsa da bakin injin ba su dace ba. Baba kuwa alfahari yake da shi. Duk wanda ya leƙa sai ya ce masa, "850 ne fa."

Ni a Kaduna na koyi kanikanci, a kan Fijo 504 da aka riƙa haɗawa a Kakuri daga 1975. Kafireton Solex na sani kamar yunwar cikina, in warware shi in mayar ko wuta aka ɗauke. Shekara da shekaru a nan Amurka ban taɓa kafireto ba, don motocin yanzu kwamfuta ke auna musu mai. Saboda haka da motar Baba ta shigo, wani abu ya motsa a raina. Na ce masa ya ba ni mako biyu, akwai kasuwar kayan mota da ke ci a Carlisle a ƙarshen Afrilu.

Muka haye gadar George Washington gari bai waye ba, muka gangara har kusa da filin jirgin Newark, muka kama hanya mai lamba 78 muka miƙa yamma. Bayan mun tsallake kogin Delaware muka shiga Pennsylvania, allunan hanya suka fara nuna Bethlehem, can kuma Nazareth. Yaron ya ce, "Kawu, saura mu ga Kudus." Daga nan sai gonaki, jajayen rumbuna, shanu baƙi da fari suna kiwo cikin raɓa.

A hanyar gardama ta kaure. Shi tun dare ya gama bincikensa a waya, ya yanke hukunci: a sayi sabo fil a kwali, a huta. In ma za a canza, a cewarsa, kada a rage girma, don inji babba ai kafireto babba yake so. Na ce ya buɗe kalkuleta. Ana auna kafireto da yawan iskar da ke iya ratsa shi a minti ɗaya, ma'aunin da ake kira CFM. Lissafin ba wuya: girman inji, wato 396, sau iyakar juyin da zai yi a minti, a raba da 3,456. Na ce ya sa juyi 5,000, wanda Baba ba zai taɓa kaiwa ba sai dai in kare ya biyo shi. Ya buga, ya samu 573. Na ce to inji na gida irin wannan ba ya cika huhunsa taf, ɗauki kashi 85 cikin ɗari. Ya koma 487. Ya yi shiru yana kallon wayar kamar ita ta yi masa ƙarya.

Abin da mutane ba su cika lura da shi ba, kafireto ba tura mai yake yi ba, gudun iska ne ke tsotso man. In ka matse bakin tiyo ruwa ya fita da ƙarfi, in ka sake shi ya zubo a sanyaye. Haka maƙogwaron kafireto yake. In ya yi wa inji faɗi, iska ta ratsa a hankali, tsotson ya yi rauni, man da ya fito kuma ba ya tarwatsewa ya zama feshi, sai ya zuba ɗigo-ɗigo. Na Baba kuma irin wanda da ka danne totur duk maƙogwaronsa huɗu za su wangale lokaci guda, famfo biyu su watsa fetur don cike giɓin. A filin tsere, da giyar hannu da inji mai kururuwa, wannan shi ne daidai. A mota mai giya otomatik da ke zuwa coci ran Lahadi, azaba ce.

Hanyar 78 ta haɗe da 81, muka tsallake kogin Susquehanna kusa da Harrisburg. Faɗi gare shi ba zurfi, duwatsu sun leƙo nan da can, sai ya tuna min kogin Kaduna da rani. Wajen ƙarfe tara muka shiga Carlisle, muka tarar da layin motoci. Mutanen gari sun mayar da farfajiyar gidajensu wurin ajiye mota suna karɓar kuɗi. Na ce a raina ashe wannan sana'ar ba mu kaɗai muka iya ba.

Tun 1974 aka fara cin kasuwar kayan mota a Carlisle. Fili ne mai faɗin eka 82, da rumfuna sama da 8,000. Wanda ya san Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano zai gane wurin da hanci kafin ido: tsatsa, tsohon mai, roba. Bambancin kawai nan ciyawa ce a ƙasa, kuma masu cinikin yawanci tsofaffin Turawa ne da hular hana salla, kowa na jan ɗan amalanke a bayansa. Ga bamba, ga sitiyari, ga ƙofar mota guda an jingine, ga fitilun baya an jera kamar tumatir. Wurin abinci kuwa naman alade ya yi yawa, dole muka koma kan burodi da dambun naman da muka zo da shi.

Rumfunan sababbin kaya muka fara zuwa, don in yi wa yaron adalci. Kuma gaskiya abin da ya zaɓa ba abin rainawa ba ne. Edelbrock mai lamba 1406, CFM 600, cok na lantarki, wanda aka gina a kan tsohuwar ƙirar Carter AFB. Ba shi da gasket a ƙasan matakin mai, don haka ba ya yawan yoyo, kuma ana canza alluran da ke auna mai ta sama ba sai an sauke shi ba. Ga kuma Holley mai lamba 1850, shi ma 600, da yayansa 3310 mai 750, waɗanda maƙogwaronsu na baya ba sa buɗewa sai injin da kansa ya nema. Kamfanin Chevrolet ma Holley ya ɗora wa 396 ɗin da ta fi ƙarfi, mai doki 375. Da manifol ɗin Baba, wato ƙarfen da kafireto ke zama a kansa a saman inji, na zamani ne, da na ɗauki ɗaya daga cikinsu mun juya gida kafin azahar.

Amma manifol ɗinsa na asali ne, na baƙin ƙarfe, ramukansa biyu na gaba ƙanana, biyu na baya manya. Waɗannan sababbin kuwa ramukansu kusan kai ɗaya suke. Ko dai a koma ga faifan haɗa baki, wanda ni ban yarda da shi ba don nan iska ke satar hanya, ko a sayi sabon manifol, a sake bututun mai, a sake tsarin cok, a yi ta addu'a bonet ya rufu. Motar da ta kai shekara hamsin da 'yan kai da kayanta na haihuwa, ban ga dalilin yi mata wannan fiɗar ba. Abin da nake nema shi ne wanda aka yi manifol ɗin dominsa: Rochester Quadrajet.

Yaron ya duba waya ya kwashe da dariya. "Kawu, ai wannan 750 ne! Ina lissafin naka?"

Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta sai da muka samu guda a hannu na nuna masa. Na kifa shi. Maƙogwaron gaba biyu 'yan ƙanana, faɗin inci ɗaya da ɗan ɗori. Na baya biyu kuwa inci biyu da kwata kowanne, kamar bakin gwangwanin madara. Tafiyar yau da kullum duk a kan ƙananan ake yinta, iska na gudu, mai na tarwatsewa. Na juyo shi na danna wasu ƙofofi biyu da ke saman manyan da yatsa, suka buɗe, na saki suka koma da ƙarfin sifirin. Ko direba ya kai totur ƙasa, waɗannan ƙofofin ba sa buɗewa sai gwargwadon iskar da injin ya ja. Shi ya sa kamfanin General Motors ya ɗora shi tun daga 1965 a kan injuna ƙanana da manya har zuwa shekarun 1980. Wannan 750 ɗin iyaka ce, ba dole ba. Ya karɓa ya yi ta danna ƙofofin yana saki, kamar yaro da sabon abin wasa.

Samun Quadrajet a Carlisle ba wuya, tuli-tuli suke a cikin akwatunan roba. Samun na kirki ne aiki. Na farko da muka ɗaga, bakin shigar mansa a gaba yake, wato na Pontiac ne ko Oldsmobile, alhali na Chevrolet a gefe yake. Na biyu yana da soket ɗin waya a ka, na zamanin da kwamfuta ta fara shigowa ne, daga 1981. Na uku yana ta ƙyalli, an wanke shi an fesa masa launi, amma saman na wata shekara ne, gindin na wata. Irin wannan ni na fi tsoro. Wani kuma zaren bakin mansa ya cinye, wani an ɗaure masa dogayen notin gaba da ƙarfin tsiya har samansa ya lanƙwashe. Na ɗora ƙaramar rular ƙarfe a kai, haske na wucewa ta ƙasa. Ƙafafuna suka fara ciwo. Muka koma mota muka yi azahar a kan kwali a gefen taya, wani tsoho da ke wucewa da amalankensa ya kauce ya zagaya ta baya.

Wajen ƙarfe uku, can ƙarshen wani layi kusa da shinge, muka tarar da wani farin dattijo zaune a kujerar zane, matarsa na karatu a cikin a-kori-kura. A ƙarƙashin teburinsa na hango shi, baƙi wuluk da dauɗa, har da saƙar gizo. Na tofa yawu a yatsa na goge gefensa na ɓangaren direba, lambar ta fito a tsaye. Ta fara da 7029: 70 alamar Rochester, 29 shekarar 1969. Lambobin da ke biye suka nuna mai maƙogwaro huɗu ne, na Chevrolet, ta ƙarshe kuma cika ce ba mara ba, wadda galibi ke nufin giya otomatik. Na kasa ɓoye murna, kuma wannan kuskure ne a kasuwa ko ta wace ƙasa ce.

Na kama sandar totur na girgiza, tana ɗan wasa, za ta buƙaci bushin. Zaren bakin mai lafiya lau. Rula ta zauna daram. Kawunan sukurorin ma ba su ci duka ba, alamar bai sha hannun 'yan koyo ba. Mai kayan ya ce dala 150. Na nuna masa wasan sandar, na ce 80. Ya tambaye ni daga ina nake, na ce Najeriya, ya ce bai san muna da irin waɗannan motocin ba. Na ce ba mu da su, amma muna da kanikawa. Ya yi dariya har da tari, muka daidaita a 110, ya ƙara min da sandar cok da ya tono daga wani gwangwani.

Kafin mu fita na sayi kayan gyaransa: gasket, sabon fulot, allura da mazauninta, da robar famfo mai jure fetur ɗin yanzu. Man da ake sayarwa a Amurka yawanci da kashi 10 na ethanol a ciki, yana cin tsohuwar roba, shi ma tsohon fulot in ya sha mai sai ya yi nauyi ya nutse, kafireto ya yi ta ambaliya.

Mun wuce Allentown rana ta faɗi, motar duk ta ɗauki warin tsohon fetur duk da jaridar da muka naɗe shi da ita. Sai ga wayar Baba. Yaron ya sa a sifika. Bai tambayi kuɗi ba, bai tambayi shekara ba.

"Nawa ne girmansa?"

Na ce 750.

Ya yi jim. "Wato ka rage min ɗari."

Yaron ya toshe baki da hannu yana girgiza. Na ce, "Baba, kawo motar ran Talata, ka zo da sababbin filogi takwas da man inji." Ya ce zai zo, amma kada in yar masa da tsohon, yana so ya ajiye shi a kan kanta a falo.