Yadda Na Koyi Cire Tabon Ɗanyar Ciyawa Daga Farar Shadda

Babbar Sallar shekarar 2019 ta faɗo ne a watan Agusta, lokacin da damina ta zauna sosai, ciyawa ta rufe ko'ina. Yarana maza biyu sun tafi Idi tare da mahaifinsu sanye da sabuwar farar shadda, kuma da aka idar da salla sai suka bi sa'o'insu suna guje-guje a gefen filin. Da suka dawo gida, gwiwoyin wandunansu sun yi kore shar, na ƙaramin ma har da cinya, domin santsi ya kwashe shi ya faɗi. Raina ya ɓaci ƙwarai, saboda na daɗe ina tara kuɗin yadin nan da na ɗinki.

Da yammacin ranar na ɗauki wandon babban, na ɗora ruwa a wuta har ya yi zafi, na zuba garin sabulu, na yi ta cuɗawa da iya ƙarfina. A tunanina, ruwan da yake fitar da maiƙon miya ba zai gaza da ciyawa ba. Tabon ya dusashe, kuma da yake magariba ta kawo kai, sai na ɗauka ya fita. Washegari da wandon ya bushe na sa masa dutsen guga ba tare da na fita da shi haske na duba ba. Koren ya rikiɗe ya koma wani ruwan ƙasa-ƙasa mai duhu, kuma duk wankin da na yi masa daga baya bai motsa shi ba.

Akwai wani dattijo mai wanki da guga a unguwarmu, shi na kai wa wandon. Ya ɗaga shi sama, ya juya cikinsa, sannan ya ce, "Hajiya, ai wannan ba dauɗa ba ce, rini ne, kuma kin riga kin sa masa wuta ya kama." Na ce, "Baba, to saura wandon ƙanensa, ban taɓa shi ba." Sai ya zaunar da ni ya koya mini yadda yake yi.

Daga baya ne na fahimci dalilin maganarsa. Abin da yake sa ganye kore wani sinadari ne da ake kira kulorofil, wanda ba ya narkewa a ruwa amma yana narkewa a sipirit. Idan gwiwa ta murje ciyawa, ruwan cikinta yana fitowa tare da furotin, zaren auduga kuma ya shanye shi. Zafi yana daskarar da furotin kamar yadda yake daskarar da ƙwai, don haka ruwan zafin da gugar da na yi su ne suka zaunar da tabon a cikin zaren.

Wandon ƙaramin na fara da juya shi, na riƙa zuba ruwan sanyi ta bayan tabon domin abin da zai fita ya fita ta inda ya shiga. Na matse shi, na shimfiɗa tsohon farin ƙyalle a ƙarƙashin wurin, na jiƙa auduga da sipirit irin wanda ake sayarwa a kemis, na riƙa dannawa a hankali daga gefen tabon zuwa tsakiyarsa. Ban goga ba, domin gogawa tana faɗaɗa shi. Cikin 'yan mintoci ƙyallen ƙasa ya fara yin kore, duk lokacin da ya ɓaci sai in matsa zuwa inda yake da tsabta. A tsakar gida na yi wannan aikin, nesa da murhu, saboda sipirit yana saurin kama wuta. Bayan na ɗauraye sosai, na kwaɓa garin sabulu da ɗan ruwa ya yi kauri, na shafa da tsohon buroshin haƙori ba tare da dannawa ba, tun da ƙyallin shadda ba ya jure dirza, na bar shi kimanin minti 30. Yawancin garin sabulun zamani yana ɗauke da sinadaran da suke cinye furotin, amma suna bukatar lokaci, shi ya sa jiƙon ya fi cuɗar amfani.

A karon farko wata 'yar inuwa ta rage. Na maimaita komai sau ɗaya, na shanya a rana, kuma ban kusanto da guga ba sai da na duba shi da tsakar rana na ga fari tas.

Tun daga lokacin kusan kowace damina sai na yi wannan aiki a kan kayan makaranta. Mutane da yawa suna ba da shawarar lemon tsami, amma ni ban gamsu da shi a kan ɗanyen tabo ba, domin tsami yana mayar da koren ganye ruwan ƙasa maimakon ya ɗauke shi. Bilic kuwa sai a kan farar auduga zalla, a tsarma shi da ruwa mai yawa, domin yana mayar da wasu yadudduka masu roba ruwan ɗorawa, yana kuma cinye launin atamfa. Kada a taɓa haɗa shi da sipirit ko wani abu mai tsami, saboda haɗin yana haifar da iska mai cutar da numfashi. Idan tufa mai launi ce, nakan fara ɗiga sipirit a cikin lafin ƙasa in ga ko za ta zuba.

Wandon babban kuwa, dattijon ne ya ba ni shawarar in kai shi marina tare da rigarsa. Aka rina su shuɗi mai duhu, tabon ya ɓace a cikin rinin, yaron ya ci gaba da sa su zuwa Islamiyya har suka yi masa kaɗan, ƙanensa ya gada.