Abin da bai shiga jakata ba ranar da na tafi Legas

Shekarata tara ina gyaran waya a Farm Centre, kasuwar waya ta Kano, kafin maganar Legas ta taso, kuma ta taso ne a ƙarshen 2023, lokacin da kowa a kasuwa ya rasa inda zai sa kansa. An cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, a watan Yuni aka saki naira, dala ta yi tashin gwauron zabo. Sikirin ɗin da na saya yau, in na koma mako mai zuwa sai a ce ya ƙara kuɗi. Masu kawo gyara kuwa aljihunsu yana nan inda yake. Mutum zai kawo waya a fashe, ka faɗa masa kuɗin sikirin, ya yi shiru, ya karɓi abarsa ya ce zai dawo. Ba ya dawowa. Salatif yake naɗa mata ya ci gaba da lallaɓawa.

A wannan hali ne wani abokina da muka koyi sana'a a teburi ɗaya ya kira ni daga Ikeja. Ya yi shekara huɗu a Computer Village, babbar kasuwar waya da kwamfuta ta Legas. Ya ce akwai gurbin teburi a shagon da yake aiki, kuma ya riga ya yi wa mai shagon maganata. "Kai da hannunka ya faɗa a aikin fanel, allon nan na cikin waya, me kake jira a Kano? Abin da kake samu a mako, a nan kwana biyu ne."

A daren na ɗauki biro da takarda, na ja layi a tsakiya, Kano a dama, Legas a hagu. Na rubuta kuɗin shiga, kuɗin haya, abinci, mota, makarantar yara. Duk yadda na juya lissafin, Legas ce take rinjaye. Kuma ba ƙarya abokina ya yi ba, kuɗi sun fi yawo a can. Ko da aka zo sabon mafi ƙarancin albashi a 2024, na tarayya naira 70,000, Kano ta tsaya a 71,000, Legas ta kai 85,000.

Washegari na kai wa maigidana takardar, wanda ya koya mini riƙe darma tun ina yaron shago. Ya karanta ta tsaf, ya ninke, ya miƙo mini.

"Lissafinka ya yi kyau. Amma in aka kawo maka waya a can da ƙarfe goma na safe, ba ka da kuɗin sikirin a aljihu, wa zai ba ka kaya zuwa yamma?"

Na ce ai abokina yana nan.

"Shi za a ba. Kai nake tambaya."

Bai hana ni ba. Shawara ɗaya ya ba ni: kada in sayar da teburina, kada in tayar da iyali, in je in yi wata uku kamar ɗan cin rani, in ga wurin da idona. Na bar wa babban yarona na aiki teburi. A watan Janairun 2024, hunturu yana kaɗawa, na hau motar dare daga Sabon Gari da jaka ɗaya: mita, injin hura iska mai zafi, madubin aiki, 'yan sukudireba da kayan sawa kala huɗu. Zariya, Kaduna, Abuja, muka haye kogin Kwara kafin Lakwaja, Okene, Badun, tafiyar sama da kilomita dubu. Na sauka ƙafafuna sun kumbura.

A Agege na sauka, ɗaki ɗaya mu biyar. Wanda bai taɓa zuwa ba zai ɗauka Bahaushe baƙo ne fil a Ikko, alhali ba haka ba ne. Fataken goro da na shanu sun daɗe suna bin wannan hanya tun kafin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, unguwar Sabo ta Badun tun 1916 take, kuma a Agege akwai gidajen Hausawa da kaka da jika duk a nan aka haife su, suna da sarkinsu, suna da masallatansu, Yarabanci a bakinsu kamar ruwa. Ka fito da asuba ka ji ana kiran salla, ka tarar da mai shayi da mai ƙosai, sai ka rantse Fagge kake. Wannan ya kwantar mini da hankali a makon farko, har ya so ya rufe mini ido. Unguwa ta karɓe ni a kwana ɗaya. Kasuwa kuwa tata hanyar daban.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ciwon wayoyin kansu. A Kano ƙura ce abokiyar gabarmu: ta toshe bakin caji, ta cika sifika, zafi kuma ya kumbura batir. Rabin aikina na hunturu burushi ne da allura. A Legas laima ce. Ka buɗe waya da ba ta taɓa faɗawa ruwa ba, ka tarar da wani tsatsa kore-kore ya bi ƙafafun ayisi, ƙananan na'urorin da ke manne a fanel, yana cinsu a hankali. Waya ta farko da aka ba ni, na ɓata kusan awa biyu ina neman matsala a inda na saba samunta. Wani yaro Bayarabe da bai kai ƙanena ba ya leƙo, ya karɓa, ya wanke fanel ɗin, ya nuna mini wurin da farce. Minti goma. Ranar na gane cewa shekara tara da nake taƙama da su, shekara tara ne na wayoyin Kano.

Wannan na koye shi da wuri, domin abu ne na hannu da ido. Wanda ya gagare ni shi ne abin da maigida ya tambaya.

A Farm Centre, in aiki ya zo, ɗaga murya kawai nake yi in aiki yaro wurin mai kaya. Ya karɓo sikirin, in ɗora, mai waya ya biya, da yamma in je in sallami mai kaya. In sikirin ɗin ya zo da matsala, a mayar a canzo, babu musu. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin jari ba, domin ba a ƙirga shi, ba a ajiye shi a banki. A Ikeja na san darajarsa. Kuɗi hannu, kaya hannu. In ka ɗora ya ƙi yi, kai da sa'arka, sai in abokina ya taka da ƙafarsa ya je ya yi magana. Kuma ba mugunta ba ce. Su ma suna da amanarsu a tsakaninsu, mai ƙarfi ma kuwa. Inyamurin da ke sayar da kayan gyara ya yi shekaru yana yi wa ubangidansa hidima kafin a sallame shi da jari, kowa a layin ya san shi, ya san wanda ya yaye shi. Ni wa ya yaye ni a idonsu? Abokina ya ce shi ma sai da ya shekara biyu kafin wani ya ba shi kaya bashi.

Haka abin yake ta wajen masu kawo gyara. Ba na manta wata mata da ta zo da waya mai tsada, ta daina caji. Na duba, na gane matsalar, na faɗa mata kuɗin. Na ɗauki sukudireba ke nan sai ta ɗora hannunta a kan wayar. Ta dube ni, ta dubi teburin da babu ko suna a jikinsa, ta ce bari ta jira mai shago. Ta zauna awa ɗaya da rabi tana jira. Da ya zo, ya karɓa, ya miƙo mini, na gyara a gabanta. Raina ya sosu a lokacin, har na raya cewa don ni Bahaushe ne, tunda akwai masu kiran kowane ɗan Arewa "aboki" da wata irin murya da ba ta abota ba. Amma da na kwanta na yi tunani, sai na ga gaskiyarta. Waya a yau ita ce bankin mutum, hotunan 'ya'yansa, sirrinsa. A Kano Alhaji yana aiko direba da wayarsa, har da lambar buɗewa, don ya san maigidana, ya san unguwarmu, ya san inda zai same ni gobe. Ita wannan baiwar Allah me ta sani a kaina?

Saboda haka kuɗin da abokina ya faɗa suna nan, amma ba hannuna suke fara shiga ba. Ta hannun mai shago suke biyowa, ni in samu kasona.

Zaman ɗakin nan na mu biyar ma makaranta ne. Biyu daga cikinsu 'yan acaɓa ne a da. Ranar 1 ga Yunin 2022 gwamnatin jihar ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida, har da Ikeja, daga baya aka ƙara wasu. Ɗaya an kama babur ɗinsa, ya koma dako a Mile 12, yana sauke buhunan albasa da kwandunan tumatir da suke zuwa daga garuruwanmu. Bai taɓa yi mini ƙorafi ba, amma na ga yadda doka ɗaya take share sana'ar mutum a wuni guda, kuma baƙo ba shi da gonar da zai koma. Ita kanta Computer Village an daɗe ana maganar za a tashe ta zuwa Katangowa. Sai na tambayi kaina: in na sayar da komai na kafa teburi a nan, aka tashi kasuwa, ina zan dosa?

Duk da haka ban fid da rai ba. A wata na biyu na fara neman ɗaki biyu da zan kawo iyali. Nan na ji kuɗin haya na shekara guda a dunƙule, ga na dillali, ga na rubuta yarjejeniya, ga na ajiya saboda ɓarna. A takardata layi ɗaya na ba haya, ashe layi huɗu ne.

Da dare na kira mai ɗakina ina ba ta labarin gidajen da na gani. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Abban yara, ka lissafa teburinka, ba ka lissafa kekena ba."

Shiru na yi. Ɗinki take yi a gida. Matan layinmu da na bayansa duk ita suke kawo wa, kuma azumi ya kusa, lokacin da take samun abin da ya fi na wata uku. Tana cikin adashi biyu. In ɗinki ya yi mata yawa, yara suna gidan mahaifiyarta, taku kaɗan ne. Duk abin da na rasa a Ikeja, na sanayya da yarda, ita ma za ta rasa irinsa a Agege, kuma nata ya fi nawa wuyar ginawa, domin ni ina fita kasuwa, ita a ɗaki za ta zauna cikin mutanen da ba ta jin harshensu. Na rubuta makarantar yara a takarda, amma ban rubuta uwar yaran ba. Wannan kuskuren ya fi kowanne nauyi a wurina, don ba rashin sanin Legas ne ya jawo shi ba. Gidana ne ban duba ba.

Azumi ya kama a watan Maris. A cikin goman tsakiya, wajen ƙarfe ɗaya na dare, ƙanena ya kira ya ce hawan jinin Inna ya tashi, suna hanyar asibiti. Na zauna a bakin katifa, sauran suna barci, fanka ta tsaya don an ɗauke wuta, gumi yana bin bayana. Ina ƙirga awanni: in na samu motar safe, sai jibi da asuba zan ga fuskarta. Allah Ya taƙaita, kafin sahur aka ce ta samu sauƙi. Amma a wannan daren na fahimci ma'anar kilomita dubu.

Ana saura kwana biyar Salla na dawo Kano.

Ban dawo hannu rabbana ba. Na ga yadda suke aiki a can, na ɗauko abin da ya fi namu. Yanzu duk wayar da ta zo teburina sai na ɗauki hotonta gaba da baya kafin in buɗe, in rubuta lambar jikinta da sunan mai ita a littafi, in ba shi rasidi. Kuɗin aiki ina faɗa tun farko, kuma ina ba da garantin mako biyu. A da muna ganin rubutu tsakanin mutanen da suka san juna kamar zargi ne. Na ga ba haka ba ne, rigima ma yake kashewa. Sannan wani mai kayan gyara da na riƙa saye a hannunsa wata uku cur ba tare da mun taɓa saɓawa ba, yanzu ina tura masa kuɗi ya sa mini kaya a mota, kwana biyu su iso. A watan da ya wuce, karon farko, ya turo kaya kafin in biya.

Akwai abin da na bari a can, kuma ina jinsa har yau. Sababbin wayoyi a Legas suke fara sauka, aikin da yake buɗe wa mutum kai a can yake. Abokina yana taɓa wayoyin da sai bayan shekara nake ganin irinsu. In ya turo mini hoton fanel yana tambayar ra'ayina, wani lokacin sai in ga ya wuce ni, kuma na san dalili. Shi ya tafi yana saurayi, ba mata, ba 'ya'ya, iyayensa da ƙarfinsu. Shekara biyun da kasuwa ta nema kafin ta yarda da shi, yana da su a hannu ya biya. Ni da na je, shekarun nan ba nawa ba ne ni kaɗai.

Shi ya sa da babban yarona, wanda ya riƙe mini teburi, ya zo bayan Babbar Salla yana sunkuyar da kai ya ce, "Maigida, ina so in gwada Legas," ban ce masa a'a ba. Shekararsa ashirin da biyu, hannunsa ya fi nawa sauri. Na tambaye shi ko ya yi magana da mahaifinsa, ya ce ya yi. Na kira abokina, na kira mai kayan nan na ce ga yarona nan zuwa, ni na yaye shi, duk abin da ya karɓa a rubuta a kaina. Na ba shi tsohon madubin aikina da kwalbar ruwan wanke fanel, na ce ya fara duba tsatsa kafin komai. Na raka shi Sabon Gari, na tsaya har motar ta tashi.