Masallacin Sulaimaniyya da ɗakin tara hayaƙinsa

Mafi yawan masu zuwa Santambul suna ƙare ziyararsu a Aya Sofiya da Masallacin Sultan Ahmad, amma a ganina wanda bai hau tudun Sulaimaniyya ba bai ga gwanintar maginan Daular Usmaniyya ba. Sarkin magina Sinan ne ya gina masallacin tsakanin 1550 da 1557 bisa umarnin Sultan Sulaiman, kuma tsayin ƙubbarsa daga ƙasa ya kai mita 53. Hasumiyoyinsa huɗu ne, masu barandar ladani goma a jimlace, waɗanda ake cewa suna nuni da cewa Sulaiman shi ne sarki na goma a gidansu, na huɗu tun bayan cin birnin a 1453.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda Sinan ya yi da hayaƙi. A zamaninsa fitilun mai da kyandirori ne ke haskaka masallacin, kuma hayaƙinsu zai iya baƙanta bango da rubutun ayoyin da ke jikinsa. Sai ya tsara yadda iska za ta riƙa zagayawa ta kwashi hayaƙin zuwa wani ɗan ɗaki da ke saman babbar ƙofa, inda kunkunniya ke taruwa, a kankare ta a haɗa tawada, kamar yadda almajiranmu ke haɗa tasu da baƙin tukunya da ƙaro. Har ƙwayayen jimina aka rataya tsakanin fitilun, domin an yi imanin cewa suna korar gizo-gizo.

Masallacin ba shi kaɗai aka gina ba, domin akwai makarantu huɗu na fiƙihu, da makarantar hadisi, da ta likitanci, da asibiti, da gidan ciyar da mabuƙata, da masaukin baƙi, kuma a yau wasu daga cikin makarantun sun zama ɗakin karatu mai ɗimbin littattafan hannu. Ƙabarin Sulaiman da na matarsa Hurram suna bayan bangon alƙibla, shi kuwa Sinan, wanda ya rasu a 1588, yana kwance a wata ƙaramar kusurwa a wajen katanga.

Shiga kyauta ne, sai dai ana cire takalmi, mata su rufe kai. Shawarata ita ce mutum ya yi sallar la'asar a ciki, sannan ya fita harabar da ke kallon ruwan Bosforus, kafin ya sauka ta unguwar Eminonu.