Abin da na gani a jikin kifayen da ba su da muƙamuƙi

Lokacin da aka ba ni aikin tantance samfuran kifaye a ɗakin gwaje-gwaje, biyu ne suka fi ɗaukar hankalina, wato lamfiri da hagifish, waɗanda su kaɗai suka rage a raye cikin kifayen da ba su da muƙamuƙi. Dukansu dogaye ne masu santsi, ba ɓawo a fatarsu, kuma guringuntsi ne a jikinsu maimakon ƙashi.

Na fara da lamfiri. Bakinsa zagayayye ne kamar faifai, cike da haƙora jere a da'ira, wanda wasu nau'o'insa ke manna wa a jikin wani kifi su tsotsi jininsa. A bayan kowane ido na ƙirga kafofin numfashi bakwai. Ɗansa kuwa makaho ne, yana shafe shekaru a binne cikin lakar kogi yana tace abinci daga ruwa, kuma bai yi kama da iyayensa ba ko kaɗan, har masana suka daɗe suna ɗaukarsa wata halitta dabam sai da wani masani Bajamushe, August Müller, ya warware lamarin a 1856.

Hagifish ya fi ba ni wahala, domin idanunsa sun dusashe a ƙarƙashin fata, kuma da ƙyar ake ganin alamar ƙashin baya. A ƙasan teku yake cin mushe, idan aka kama shi sai ya saki yauƙi mai yawa da ke toshe numfashin maƙiyi, sannan ya ƙulla jikinsa ya zame. Ban yi mamaki ba da Linnaeus, masanin rarrabe halittu, ya sa shi cikin tsutsotsi a 1758.

A nan ne na koyi cewa siffar jiki kaɗai ba ta isa hujja ba wajen rarrabe dangi. An daɗe ana ganin lamfiri ya fi kusa da kifaye masu muƙamuƙi, saboda a kunnensa na ciki akwai kafofi biyu masu lanƙwasa, hagifish na da ɗaya, masu muƙamuƙi kuma uku. Amma binciken ƙwayoyin gado ya nuna cewa lamfiri da hagifish tsatsonsu ɗaya ne, kuma yawancin abin da hagifish ya rasa zubar da shi ya yi a tsawon zamani. Shi ya sa na rubuta su a rukuni guda na masu zagayayyen baki, wato Cyclostomata.