Ragayar kakata a dajin Gashaka

Daren farko da na kwana a gadon lilo, wato ƙyallen kwanciya da ake ɗaurewa tsakanin bishiya biyu, jakata na jingine ta da gindin bishiya, na jera takalmana a ƙasa daidai inda zan sauko, rigar da na wuni da ita kuwa na shimfiɗa ta a kan dutse don ta sha iska. Haka nake yi a gida, ban ga dalilin canzawa ba. A Gashaka-Gumti ne, lokacin da na je aikin fili ina ɗalibin nazarin gandun daji da namun dawa. Shi ne gandun daji na ƙasa mafi girma a Najeriya, ya haura murabba'in kilomita 6,000, ya taɓa Taraba da Adamawa har iyakar Kamaru, kuma a cikinsa dutsen Chappal Waddi yake, mai tsayin mita 2,419, wanda babu kamarsa a ƙasar nan. Mu ta Serti muka shiga, ɓangaren kudu, inda kurmi yake da duhu, damina kuma take daɗewa ba ta tafi ba.

Cikin dare aka yi ruwa. Ni ban jiƙe ba, domin tamfol na samana. Da asuba na tarar gindin jakata ya sha ruwa, gara ta fara ɗora gininta a kan maɗaurin da ya taɓa ƙasa, littafin da nake rubuta bayanan aiki ya kumbura, tawadar biro ta bazu a shafuka uku. Wani dattijo da yake mana jagora, tsohon maharbi ne da ya koma aikin tsaron dajin, ya ɗaga jakar ya kakkaɓe ta, ya ce mini, "Malam, ƙasar nan tana da masu ita. Kai baƙo ne, sama aka ba ka."

Na ce, "To Baba, a ina zan ajiye kaya?"

Bai ba ni amsa ba, sai ya nuna mini nasa wurin. Babu abu ko ɗaya nasa da ya taɓa ƙasa, in ban da sanda biyu da ya kafa ya kifa takalmansa a kai. Ina kallo sai ɗakin kakata ya faɗo mini a rai. Ragaya uku ne a rataye a rufin ɗakinta, ƙwaryar nono a ɗaya, tuwon da ya kwana a ɗaya, man shanu a ta ukun, ɓera da kiyashi suna ji suna gani. Abin da na tashi ina gani kullum ke nan, amma da na sayi jakar zamani mai aljihu goma sai na ɗauka ita ta gama mini komai.

Mai tanti yana da daɓe, yana da kusurwa huɗu da zai tura kaya. Mai gadon lilo ba shi da ko ɗaya. Abin da yake da shi bishiya biyu ne, tazarar kamar mita 4 zuwa 5 a tsakaninsu, da iskar da ke tsakani. Saboda haka igiya ce ɗakin ajiyarsa. Baba ya koya mini in ja siririyar igiya daga kan gadon zuwa ƙafarsa, a ƙarƙashin tamfol, ita ce ma take ɗaga gidan sauro daga fuska. A jikinta, ta ciki, nake rataye ƙaramar jaka mai tocila, waya, batura, ashana a cikin leda da maganin zazzaɓi. Duk abin da zan nema cikin duhu, a nan yake, inda hannu zai kai ba tare da na tashi ba. Babbar jaka kuma na sa ta a buhun leda mai kauri in rataye ta a bakin gado ta wajen ƙafa, yadda tamfol zai rufe ta. Ba a jingina ta da bishiya, domin ruwa gangar jikin bishiya yake bi ya sauko, tururuwa kuma nan ce hanyarta.

Akwai wata dabara ƙarama da na raina sai da ta gwada mini kanta. Ruwa yana bin igiyar da aka ɗaure gado da ita, ya silalo har cikin ƙyallen da mutum yake kwance. Maganinsa guntun zare ne, ko igiyar takalmi, a ƙulla a jikin igiyar daf da inda tamfol ya fara rufewa, a bar jelarsa tana lilo. Ruwan yana isowa nan sai ya bi zaren ya ɗiga ƙasa. Daren da na manta ban ɗaura ba, bargona ya jiƙe daga wajen kai.

Amma darasin da ya fi zama mini a rai na tufafi ne. Kaya kala biyu kawai ake riƙewa: na aiki da na kwana. Na aiki kullum a jiƙe suke, in ba ruwan sama ba to gumi, in ba gumi ba to raɓar ciyawa ko rafin da aka tsallaka. A kurmi lokacin damina ba sa bushewa cikin dare, ko an matse an shanya. Na kwana kuwa, riga mai dogon hannu, wando, safa da hula, suna cikin leda biyu, ɗaya cikin ɗaya, ba sa fitowa sai an gama aiki, an wanke jiki, an shiga ƙarƙashin tamfol. Da su nake sallar magariba da isha'i da asuba, hankalina kwance cewa suna da tsarki. Gari na wayewa sai in tuɓe su in mayar cikin leda in ɗaure, in ɗauko jiƙaƙƙun nan masu sanyi kamar ƙanƙara in zura.

Wannan minti biyun shi ne mafi wuya a duk yinin. Zuciya tana ce maka yau dai ka fita da busassun, ai rana za ta fito. Wani abokin aikina ya bi ta sau ɗaya. Kafin azahar ruwa ya kama mu a kan hanya, ya dawo ba shi da busasshen ƙyalle ko ɗaya, ya kwana yana rawar ɗari, sai da muka haɗa masa riga da safa daga namu. Sanyin gadon lilo daga ƙasa yake zuwa: nauyin jiki yana danne bargon da aka kwanta a kai, iska kuma tana wucewa ta ƙarƙashin baya duk dare. Wanda ya kwanta da danshi a irin wannan gado, a gindin duwatsu, ba zai runtsa ba, gobe kuma idonsa ba zai ga abin da aka turo shi ya gani ba.

Aikinmu shi ne ƙirga sheƙar cimfanzi, birin nan mai kama da mutum, wanda Gashaka take cikin manyan mafakarsa da suka rage. Kusan kowane dare yakan lanƙwasa rassa ya yi sabon makwanci a saman bishiya. Nakan tsaya a ƙarƙashin sheƙar ina auna tsayinta, in tuna cewa shi ma ƙasar ya bar wa masu ita.

Shanya ma tana da ƙa'ida. Akwai wani ƙuda da ake kira tumbu, yana zuba ƙwai a ƙasa mai inuwa ko a jikin tufafi masu danshi, musamman masu gumi ko fitsari. Tsutsar tana ƙyanƙyashewa ta shiga fata, ta tayar da ƙurji kamar maruru mai ƙaramin rami a tsakiya. A gari guga ce take kashe ƙwan. A daji babu dutsen guga, don haka ba a shimfiɗa tufa a ƙasa ko a kan ciyawa, sai a igiya, cikin rana sosai in ta samu. Rigar nan da na baza a kan dutse daren farko, Baba sai da ya sa na tafasa ruwa na zuba mata kafin in sake sa ta.

Takalmi a kife a kan sanda, kuma duk da haka a kakkaɓe shi da safe kafin a sa ƙafa, saboda kunama da shanshani. Abinci, garin kwaki da ƙuli-ƙuli da busasshen kifi, ba ya kwana kusa da gado. A ɗaure shi a buhu, a rataye a wani reshe can nesa, don ɓera da gwaggon biri su yi hidimarsu ba a kanka ba. Littafin aiki kuwa na koma rubuta shi da fensir, wanda ruwa ba ya wanke shi, kuma tare da shi nake kwana a cikin leda, a ƙirjina.

Wani dare, wajen ƙarfe biyu, na ji wani sauti a ganyen ƙasa kamar yayyafi, alhali ba a ruwa. Na miƙa hannu sama na ciro tocila daga inda take kullum, na haska. Kwarkwasa ce, baƙa ƙirin, ta shimfiɗu a ƙarƙashin gadajenmu tana tafiya kamar kogi, ta mamaye daidai wurin da na jingina jakata a daren farko. Baba ya yi magana daga nasa gadon, a hankali: "Kowa ya zauna inda yake, kada wanda ya sauke ƙafa." Tun da yamma ya shafa wa igiyoyinmu basilin kusa da bishiya, ya barbaɗa toka a gindin sandunan takalma. Muka kwanta muna haska su har suka wuce, ya ɗauki fiye da awa ɗaya. Da asuba na sauko na duba jaka da buhun abinci da ledar tufafi, ban sami ko ɗaya a ciki ba. Na cire busassun kayana na ninke, na ɗauko jiƙaƙƙiyar rigata daga kan igiya.